Kallon da Ba Shi da Ƙurunƙus

Duk wanda ya ratsa birnin Zariya bayan sallar isha'i, ya shigo ta Ƙofar Doka ya miƙe zuwa Babban Dodo, zai tarar da majalisu suna nan inda suke tun muna yara. Benci yana nan, tabarma tana nan, mai shayi yana nan da tukunyarsa. Surutu ne kawai ya ragu. Mutum biyar a zaune, kawuna biyar a sunkuye, kowace fuska da ɗan haskenta. In ka taɓa ɗaya ka tambaye shi me yake yi, amsar ba ta wuce, "Wallahi hutawa nake yi, yau na gaji."

Mu ma amsar da muke bayarwa ke nan. Sana'armu rubuta manhaja. Muna wuni a gaban kwamfuta, idan dare ya yi mu rufe babban allo mu buɗe ƙarami, mu ce lokacin hutu ya zo. Sau da yawa ƙarfe ɗayan dare kan same mu a haka, ido na yaji, wuya ya ƙage, da asuba kuma mu ji kiran salla kamar daga wani gari. To, in hutu ne wannan, me ya sa muke tashi da gajiyar da ta fi ta jiya? In kuma kallo ba ya hutar da mutum, me ya sa iyayenmu ke murmushi duk lokacin da aka tuna musu daren majigi ko wasan Samanja? Allo ba baƙo ba ne a garin nan. Ya haura shekara saba'in tare da mu, kuma tarihinsa na da abin da zai faɗa a kan wannan tambaya.

Kafin zuwan allo, wata ne ke tsara dare. Idan da farin wata, 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa, samari su yi langa, dattawa su baje tabarma a ƙofar zaure. Idan duhu ne, a taru a ɗakin tsohuwa a sha tatsuniya har man fitila ya yi ƙasa. Baba ta Karo, wadda ta yi ƙarshen rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba wa Mary Smith labarin irin wannan rayuwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Mai karanta shi zai ga wasa da waƙa da biki, zai kuma ga bauta da harin mahara da aikin da ba ya ƙarewa. Zamanin ba aljanna ba ne, kuma ba kowa ke samun rabonsa na hutu daidai ba. Amma nishaɗinsa yana da siffa guda da ya kamata mu riƙe: yana da mafari, yana da iyaka. An hana tatsuniya da rana, har ana tsorata yara da abin da zai sami wanda ya yi ta. Da dare kuma a buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe ta da "ƙurunƙus". Idan tsohuwa ta faɗi wannan kalma, an gama. Kowa ya nemi shimfiɗarsa.

Abin mamaki, a Zariyar nan aka rubuta labarin gwanin da ya fi kowa sanin yadda ake riƙe mai sauraro. A 1936 aka kawo Abubakar Imam Hukumar Talifi da ke ƙarƙashin Rupert East, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, aka fara buga shi a 1937. A littafi na farko, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma na ƙulla makircin fitar da yaron don a hallaka shi. Aku ne ke tsare shi. Duk daren da Musa ya yi ɗamarar fita, sai aku ya jefo wani labari, yaro ya tsaya ya ji ƙarshensa, kafin ya ankara gari ya waye. Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta, duk lokacin da muka koma wa littafin nan sai mu ga sana'armu a ciki. Aku ya san cewa wanda aka bari a tsakiyar labari ba ya iya tashi. Bambancin kawai, shi ran yaron yake karewa.

Allon farko da yawancin mutanen Arewa suka gani na gwamnati ne. A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, motocin majigi kuma suka riƙa zagaya garuruwa. Mota ce da injin wuta da farin ƙyalle da lasifika, da mai fassara da ke bayani da Hausa. A kafa a fili bayan magariba, sau da yawa kusa da fada ko ƙofar gidan hakimi, a shigo kyauta. Wasu sun kira abin "dodon bango". Manufar masu shi koyarwa ce: tsafta, rigakafi, biyan haraji, noman zamani. Fim irin Baban Larai, wanda tsofaffi ke yawan ambata, kira ne ga noman auduga, amfanin gonar da ƙasar Zazzau ta yi suna a kai. Duk da haka jama'a sun mai da daren majigi daren biki. Masu talla su kasa, yara su yi ta tsalle suna sa inuwar hannunsu a jikin ƙyalle, a yi mako ana maimaita abin da aka gani. Idan zaren fim ya ƙare, a kashe inji, mota ta wuce gaba, sai kuma wata ran.

Silima ta kuɗi kuwa da gardama ta zo. A Kano an buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. A 1951 gobara ta cinye gidan silima na El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da dama suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka zo gina Palace a cikin birni, malamai da jama'a sun yi tirjiya sosai. A nan Zariya ma silima harkar bayan ganuwa ce. Saurayin cikin gari da ke son kallon fim ɗin Indiya sai ya tanadi kuɗin tikiti, ya fita ta ƙofa, ya nufi Sabon Gari, ya dawo cikin dare yana addu'ar kada ya yi kiciɓis da mahaifinsa a zaure. Nisa da kuɗi da kunya su ne iyakar kallon. Matan aure da ke kulle kuwa ba su da rabo a ciki.

Talabijin ce ta tsallako ganuwa. An fara ta a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sannan a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗa tashoshin ƙarƙashin NTA. Gidan da ya fara sayen akwatin a unguwa shi ya zama sabon dandali. Yaran layi su cika tsakar gida, takalma jibge a bakin ƙofa, ana jiran Usman Baba Pategi ya fito a matsayin Samanja, ko Ƙasimu Yero, ɗan garin nan, a Karambana. Mu mun riski wutsiyar wannan zamani. A ranakun aiki tasha ba ta buɗewa sai la'asar, ƙarfe tara a yi labaran ƙasa, wajen sha biyun dare a sa taken ƙasa a rufe. Ko kana so ko ba ka so, allo ya koma yayyafi. Sau da yawa ma ba a kaiwa can, NEPA ta ɗauke wuta, yara su yi ihu su watse.

A daidai waɗannan shekaru wasu masana biyu a Amurka, Robert Kubey da Mihaly Csikszentmihalyi, suna bin diddigin masu kallon talabijin. Sun ba mutane wata 'yar na'ura mai ƙara, duk lokacin da ta yi ƙara mutum ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji. Sun fitar da littafinsu a 1990. Sun gano cewa mai kallo yakan ji jikinsa ya saki da zarar ya zauna gaban akwati, amma sakin jikin yana tafiya da zarar an kashe, kasala kuwa ta zauna. Wanda ya daɗe yana kallo kuma daɗin da yake ji raguwa yake yi. Ma'ana, akwai hutu a kallo, sai dai a farkonsa yake, ba ya ƙaruwa da tsawon zama. Mu a lokacin ba mu san da wannan bincike ba, ba mu kuma buƙace shi ba, domin tasha da NEPA sun ɗauke mana nauyin tashi.

Daga nan bidiyo ya shigo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, cikin 'yan shekaru kuma shagunan hayar kaset suka bazu a lunguna. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: ga iyayenmu mata, wannan ne allon farko da ya same su har ɗaki da harshensu. Matar da ta wuni tana daka da girki da wanki, ta zauna da kishiyarta da maƙwabciyarta su kalli fim suna musu a kan wa ke da laifi, ta huta hutun gaske. Amma kaset ma yana da ƙarshe. Zare ya ƙare, a mayar da shi baya, gobe a aiki yaro ya kai wa mai shago kafin kuɗin haya ya ƙaru. Haka gidan kallon ƙwallo da ya biyo baya: minti casa'in, alƙalin wasa ya busa, mai gida ya kashe janareta.

Idan muka jera su, daga tatsuniya zuwa gidan kallo, za mu ga abu uku ba su taɓa rabuwa da su ba. Akwai wurin da ake zuwa, akwai mutanen da ake zama da su, akwai kuma lokacin da ake cewa an gama. Ba ƙarfin halin kakanninmu ne ya tsayar da su ba. Wani abu ne daga waje, wata ko man fitila ko mai tasha ko mai janareta, ke faɗa musu ƙurunƙus.

Wayar hannu ta kwance ukun a hankali. An fara amfani da layukan GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001. Ba a jima ba kamfanoni suka fito da garaɓasar kiran dare, tsararmu ta koyi kwana a farke tana raɗa cikin bargo don kada a ji. Sai 2go, sai Facebook, sai WhatsApp, sai YouTube da TikTok, ga kuma datar dare mai rahusa. Allo ya bar tsakar gida ya koma aljihu, daga aljihu ya hau gado. Kallon da ake yi mutum ashirin ya koma na mutum ɗaya da abin toshe kunne. Saura iyakar lokaci, ita kuwa 'yan sana'armu ne suka cire ta da hannunsu.

Bari mu yi bayanin yadda aka yi, tunda aikinmu ne. A farkon intanet, shafi yana da gindi. Ka karanta abu goma, ka iso ƙasa, sai ka danna kafin a kawo maka na gaba. Wannan 'yar tsayawa ta daƙiƙa biyu ita ce damar da hankali ke samu ya tambayi kansa ko ya isa. A 2006 aka fito da dabarar da ta share gindin: kafin yatsanka ya kai ƙasa, manhaja ta riga ta ɗebo wasu goman ta jona. Aza Raskin, wanda ake danganta dabarar da shi, daga baya ya fito ya nuna nadamarsa. Sai aka ƙara da bidiyon da ke kunna na gaba da kansa. Sai kuma lissafin da ke lura da inda ka dakata, da abin da ka maimaita, ya ƙaro maka irinsa. Tun shekarun 1950 masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi sa dabba naci. Tantabara ta yi ta saran maɓalli saboda wataƙila wannan karon hatsi zai faɗo. Haka yatsanmu ke yi: bidiyo tara shirme, na goma ya ba mu dariya, sai mu ci gaba da neman wani na goman. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci na cikin abokan gasar kamfaninsa.

A wurin aiki, ma'aunin da ake duba nasarar manhaja da shi shi ne mutum nawa suka dawo yau, kuma minti nawa suka yi. Mun sha zama a taro ana murna saboda layin ya hau. Babu gurbin da ake rubuta ko mutumin ya tashi da sauƙin rai, ko ya makara sallar asuba, ko ɗiyarsa ta yi masa magana sau uku bai ji ba. Mun gina aku, mun koya masa dabarun riƙe mutum, amma wannan akun ba ya kare kowa daga waziri, kuma wayewar gari ba ta sa shi yin shiru.

Duk da haka, adalci bai yarda mu ɗora wa allo kowane laifi ba. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa fiye da 350,000 na Ingila da Amurka. Sun samu alaƙa tsakanin yawan amfani da na'ura da raguwar walwala, amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin matasan ba. Ƙidayar awoyi kaɗai ba ta faɗin komai. Mu ma shaida ne. Daga ƙarshen Maris na 2020, lokacin annobar korona, jihar Kaduna ta shiga kulle na fiye da wata biyu. An rufe kasuwanni da masallatai, azumi ya zo a haka. Ta waya aka ji tafsiri, ta waya aka yi gaisuwar rasuwa, ta waya uwa ta ga fuskar ɗanta da ya maƙale a Legas. A watannin nan allo rahama ne, ba mai musu.

Inda binciken ya fi nuna matsala shi ne lokaci da hali. A wani bincike da aka wallafa a ƙarshen 2014, masu bincike a Harvard sun sa mutum 12 karatu kafin barci, wasu darare a allo mai haske, wasu a takarda. A dararen allo barci ya yi jinkirin kusan minti goma, sinadarin da ke shirya jiki ya kwanta ya ragu, da safe kuma suka fi jin nauyin jiki. A wani binciken da aka wallafa a shekarar dai, Leonard Reinecke na Jamus da abokan aikinsa sun tambayi mutum 471 game da kallon da suka yi bayan aiki. Waɗanda suka fi gajiya su ne suka fi ganin kallon a matsayin ɓata lokaci, suka ji haushin kansu, haushin kuma ya cinye hutun da suka je nema. Wato wanda ya fi buƙatar hutun shi ya fi rasa shi. Wannan mun san shi ba sai an gaya mana ba. Shi ne abin da muke ji idan muka duba agogo muka ga ƙarfe ɗaya, muka ce "saura guda ɗaya", alhali mun san ƙarya muke yi.

Akwai wani kawunmu a cikin gari, maɗinkin hannu, irin masu zama a zaure suna yi wa babbar riga aska takwas. Shekara da shekaru rediyonsa na gefe, allura na tafiya, kunne na Landan. Wata rana ya ga ɗayanmu ya zo gaishe shi, ya zauna, ya zaro waya. Ya bari aka jima sannan ya ce, "Ɗan nan, wai me kake nema a ciki ne?"

"Ba komai, Kawu. Hutawa kawai nake yi."

"To, idan ka huta, ta yaya kake sanin ka gama?"

Ba a samu amsar ba shi ba. Shi ya san lokacin da hutunsa ke ƙarewa: an rufe shirin rana, ya miƙe ya yi alwala. Ba shi da ƙarfin zuciyar da ya fi namu, shirin ne ke da ƙarshe.

Saboda haka idan aka tambaye mu ko kallon allo na hutar da mutum, abin da tarihin garin nan ya nuna mana shi ne yana hutarwa, matuƙar akwai inda zai tsaya, kuma ya fi hutarwa idan da wanda za a juya a yi dariya tare. Kashi ɗaya na Labarina ko Daɗin Kowa da aka kalla da iyali bayan cin tuwo ɗan'uwan daren majigi ne. Wasan ƙwallo ɗaya, karatun malami ɗaya, kiran bidiyo ɗaya da ƙanwar da ke aure a Maraɗi, duk suna da gindi. Jan allo da yatsa a kan gado, kai kaɗai, cikin duhu, shi ne ba shi da shi. Kamfanonin ma sun san haka, shi ya sa a 2018 Apple da Google suka sa wa wayoyi ma'aunin lokaci da makullin manhaja. Sai dai makullin da mabuɗinsa ke hannun mai shi ba ya tsare ƙofa sosai. Mun gwada, mun kuma sha danna "ƙara minti goma sha biyar".

Abin da ya fi yi mana aiki shi ne komawa ga dabarar da: a miƙa iyakar ga wani abu na waje. Wasunmu sun mayar da wurin cajin waya falo, suka sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa saboda asuba. Wasu sun kashe kunna-kai na bidiyo. Wasu sun yi yarjejeniya da matansu cewa fim a talabijin za a kalla, tare, kashi ɗaya. Ga yara ƙanana kuma akwai shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: jariri ba ruwansa da allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. Mu kuma masu rubuta manhaja akwai bashi a kanmu. Layin da ke ɗebo ƙarin bidiyo ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya rubuta shi. Wanda zai ce wa mai kallo "ka ga duk abin da ke akwai na yau" bai fi shi wuyar rubutawa ba. Wuyarsa ita ce kare shi a gaban mai biyan albashi.

A makon jiya wuta ta ɗauke a layinmu tun la'asar, kafin isha'i wayoyi da dama sun mutu. Majalisar ƙofar gida ta cika kamar kullum. Da farko an yi shiru, kowa na juya baƙin gilashi a hannu. Can wani ya tuno yadda aka taɓa koro mu daga wani gida saboda mun karya benci garin kallon Samanja, wani ya ce ba haka aka yi ba, musu ya sarƙe. Wajen goma da rabi mai shayi ya fara kife kofuna. Babu wanda ya ce a tashi, amma kowa ya gane. Muka yi sallama, muka shige gida.